Lee Byung-chul: Ɗan kasuwar busasshen kifi da ya kafa Samsung

A rumfunan masu sayar da salula na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, gardamar wace waya ta fi tsakanin Samsung da iPhone ba ta ƙarewa. Mutumin da ya kafa Samsung kuwa bai taɓa riƙe irin waɗannan wayoyi a hannunsa ba. Lee Byung-chul ya rasu ranar 19 ga watan Nuwamba 1987, shekara guda kafin kamfaninsa ya fitar da salularsa ta farko, kuma shekaru 20 kafin iPhone ta shigo kasuwa.

Duk da haka, wata shawara da ya yanke yana gab da cika shekara 73 ita ce ta sa kamfanin ya tsaya da ƙafarsa a lokacin da Nokia, Motorola da BlackBerry suka rasa kasuwarsu. Shawarar ita ce ya zuba dukiyarsa wajen ƙera ƴan ƙananan ƙwayoyin laturoni da ke cikin kwamfuta da waya, waɗanda mai saye ba ya gani. Saboda ita ne har yau Apple, babban abokin hamayyar Samsung, yake biyan Samsung kuɗi kafin ya iya haɗa wayarsa.

Ɗan masu gonaki a ƙasar da aka mamaye

An haifi Lee ranar 12 ga watan Fabrairu 1910 a gundumar Uiryeong da ke kudancin Koriya. A watan Agustan wannan shekara Japan ta haɗiye Koriya baki ɗaya, ta yi mata mulkin mallaka har zuwa 1945. Gidansu gidan wadata ne, suna da manyan gonakin shinkafa da mutanen da ke noma musu. Ya fara karatu a makarantar gargajiya inda ake koyar da littattafan Konfushiyas, daga baya ya shiga boko. An yi masa aure a 1926 yana da shekara 16.

A 1930 ya shiga jami'ar Waseda da ke Tokiyo, amma rashin lafiya ya dawo da shi gida bai kammala ba. Shekarun da suka biyo baya na zaman banza ne. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1986, shi da kansa ya ba da labarin yadda ya riƙa kwana wajen caca yana da mata da ƴaƴa, har sai da ya kai shekara 26 kafin ya farka.

Da jarin da mahaifinsa ya ba shi, a 1936 ya haɗa kai da abokai biyu suka buɗe injin casar shinkafa a Masan, garin da ke bakin teku inda ake lodin shinkafa zuwa Japan. Sun fara da asara, sannan riba ta zo. Ya sayi manyan motocin dako, ya ci bashin banki ya sayi gonaki masu yawa a yankin Gimhae. A 1937 yaƙi ya ɓarke tsakanin Japan da Sin, hukumomin mulkin mallaka suka dakatar da ba da rance, farashin filaye ya faɗi. Sai da ya sayar da gonakin da injin da motocin kafin ya biya bashi. Wannan ita ce karayarsa ta farko, kuma daga ita ya koyi cewa hukuncin da aka yanke a fadar mulki yana iya cinye ribar shekaru a dare ɗaya.

Taurari uku

Bayan karayar, ya yi tafiyar makonni yana zaga kasuwannin Koriya, Manchuriya da arewacin Sin, yana duba abin da ake nema da abin da ake rasawa. Ranar 1 ga watan Maris 1938 ya buɗe shago a birnin Daegu da jarin won 30,000 da ma'aikata kusan 40. Ya raɗa masa suna Samsung, wato taurari uku a harshen Koriya. Hajarsa ita ce busasshen kifi, kayan lambu da ƴaƴan itatuwa da yake turawa Manchuriya da Bejin, sai taliya da yake murzawa a cikin shagon. Shekara guda bayan haka ya sayi wani kamfanin giya a birnin.

Da aka ci Japan a yaƙin duniya na biyu, Koriya ta rabu gida biyu. Lee ya koma Seul a 1947, ya kafa kamfanin shige da ficen kaya a 1948, kuma cikin ƙanƙanin lokaci ya shiga sahun manyan ƴan kasuwar birnin. Ranar 25 ga watan Yuni 1950 sojojin Koriya ta Arewa suka tsallako iyaka, cikin kwana uku suka kama Seul. Kayan da ke cikin rumbunansa suka salwanta, wasu aka wawashe, wasu suka ƙone. Shi kansa sai da ya ɓuya, domin attajiri ba shi da aminci a hannun ƴan gurguzu.

Ya gudu kudu ba shi da komai. A Daegu ya tarar manajojin da ya bar wa kamfanin giyar sun adana masa ribar da suka tara, suka miƙa masa. Da wannan kuɗi ya sake kafa kamfanin kasuwanci a Busan a farkon 1951. Abin da waɗannan mutane suka yi masa ya zauna a ransa. Daga nan ya ɗauki ɗabi'ar tantance mutum sosai kafin ya ɗauke shi aiki, in ya ɗauke shi kuma ya sakar masa ragama. A 1957 Samsung ya zama kamfani na farko a Koriya da ya ɗauki ma'aikata ta hanyar jarrabawar da kowa ke iya shiga, kuma Lee ya riƙa zama da kansa wajen ganawa da masu neman aikin har ƙarshen rayuwarsa.

Sukari da ulu

Yaƙin ya ƙare a 1953 ya bar Koriya ta Kudu a rushe. Ƙasar ba ta da man fetur, ba ta da ma'adinan kirki, kusan komai shigo da shi ake yi. Har zuwa 1960 abin da ɗan ƙasa ke samu a shekara bai kai dala 200 ba, kwatankwacin ƙasashen Afirka da dama da suka samu ƴancin kai a wannan shekara.

Lee yana samun riba mai yawa daga shigo da kaya, amma ya lura cewa mai shigo da kaya yana ƙarƙashin ikon wanda ya ƙera su da wanda ke ba da canjin kuɗin waje. Sai ya juya ga masana'antu. A 1953 ya kafa masana'antar sukari ta Cheil Jedang a Busan da injinan da ya sayo daga Japan. Sukarinsa ya fi na waje araha nesa ba kusa ba, ya mamaye kasuwa. A 1954 ya kafa masaƙar ulu ta Cheil Mojik a Daegu, wadda ta zama mafi girma a ƙasar, a lokacin da masu hali ke ɗinka kwat da yadin Ingila da ake shigo da shi ta ɓarauniyar hanya.

Nasarar ba ta rasa nasaba da kusancinsa da gwamnatin Shugaba Syngman Rhee, wadda ke raba lasisin shigo da kaya, dalolin agajin Amurka da rancen banki ga waɗanda take so. Da gwamnati ta sayar da hannayen jarinta a bankunan kasuwanci, Lee ya samu kaso mai tsoka. Ya shiga harkar inshora a 1958. Kafin ƙarshen shekarun 1950 shi ne attajirin da ya fi kowa kuɗi a Koriya ta Kudu.

Tsakanin attajiri da soja

Zanga-zangar ɗalibai ta kifar da Rhee a watan Afrilun 1960. Ranar 16 ga watan Mayu 1961 Janar Park Chung-hee ya yi juyin mulki, kuma cikin matakansa na farko akwai kame manyan ƴan kasuwa bisa zargin tara dukiya ta haramtacciyar hanya. Sunan Lee ne a kan gaba, sai dai juyin mulkin ya same shi a Tokiyo. Bayan ƴan makonni ya dawo ya gana da Park.

Hujjar da ya gabatar ita ce dokokin harajin da aka yi lokacin yaƙi sun yi tsananin da babu ɗan kasuwar da zai bi su ya rayu, kuma ɗaure masu masana'antu ba zai ciyar da kowa ba, gara a sa su gina ƙasa. Park yana bukatar masana'antu, Lee yana bukatar kansa da dukiyarsa. Aka daidaita. Ƴan kasuwan suka biya tara, gwamnati ta karɓe bankuna, su kuma aka sake su bisa sharaɗin su zuba jari a fannonin da gwamnati ta zaɓa. A wannan shekara Lee ya zama shugaban farko na ƙungiyar da ta zama tarayyar masu masana'antun Koriya. A kan wannan fahimta aka gina tsarin da Koriyawa ke kira chaebol, wato rukunin kamfanoni masu yawa a hannun iyali guda, suna cin moriyar rancen gwamnati muddin suna fitar da kaya waje.

A shekarun da suka biyo baya Samsung ya ƙara da inshorar rai, babban kantin Shinsegae, gidan rediyo da talabijin na TBC, da jaridar JoongAng Ilbo da aka kafa a 1965. Babban burin Lee a lokacin shi ne masana'antar takin zamani a Ulsan, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, wadda ake ginawa da rancen kamfanin Mitsui na Japan.

A nan ne ya gamu da abin kunyar da ya fi kowanne a rayuwarsa. A 1966 jami'an duwan na Busan suka gano cewa kamfanin takin ya yi fasa-ƙwabrin kusan tan 55 na sinadarin sakarin, mai zaƙin nan da ake amfani da shi a madadin sukari, a cikin kayan da aka ce na gini ne. Da labarin ya fito a jaridu a watan Satumba, ƙasa ta ɗauki zafi. Wani ɗan majalisa mai suna Kim Du-han ya shiga zauren majalisa da najasa ya watsa wa ministoci. Aka ɗaure ɗan Lee na biyu, Chang-hee. Lee ya miƙa wa gwamnati kashi 51 cikin 100 na masana'antar takin, ya sauka daga shugabancin Samsung ya bar wa babban ɗansa Maeng-hee.

Bai daɗe a gefe ba. A 1968 ya dawo kan kujerarsa, dangantakarsa da manyan ƴaƴansa biyu kuma ta lalace. Daga baya ya tsallake su ya zaɓi na ukun, Kun-hee, a matsayin magaji, abin da ya saɓa wa al'adar Koriya ta ba babban ɗa gadon gida.

Shiga gonar suruki

A watan Janairun 1969 ya kafa Samsung Electronics, aka gina masana'antarsa a Suwon. Kasuwar rediyo da talabijin ta Koriya a lokacin tana hannun kamfanin GoldStar, wanda yau ake kira LG. Mai shi, Koo In-hwoi, tsohon abokin Lee ne kuma surukinsa, domin ɗansa yana auren ƴar Lee. Shigar Samsung wannan fanni ta kashe abotar, kuma hamayyar da ta fara daga nan tana nan har yau a kasuwar talabijin da firiji.

Samsung ba shi da fasahar komai. Lee ya ƙulla haɗin gwiwa da kamfanonin Sanyo da NEC na Japan, ma'aikatansa suka riƙa haɗa talabijin mai baƙi da fari da sassan da ake kawowa daga can. Sannu a hankali suka koyi yin sassan da kansu. Aka ƙara da firiji, injin wanki da talabijin mai launi. Kayan sun shiga Amurka da Turai a matsayin kayan araha, irin waɗanda ake ajiyewa a ƙasan kanta, ana sayensu idan kuɗin Sony bai samu ba.

A ƙarshen 1974 Samsung ya sayi rabin wani ƙaramin kamfanin ƙwayoyin laturoni na Koriya da ke gab da durƙushewa. Kun-hee ne ya matsa a saya, har ya sa kuɗin aljihunsa. Shekaru aka yi kamfanin yana yin ƙwayoyin agogo da na kayan gida kawai. Tashin farashin man fetur na 1973 da na 1979 ya nuna wa Lee raunin ƙasar da ba ta da albarkatun ƙasa, ya kuma lura cewa Japan ta jure girgizar ne saboda ta koma ga kayan da ke cin ilimi fiye da ƙarfe da mai. A 1980 wata gwamnatin soja, ta Janar Chun Doo-hwan, ta ƙwace masa gidan TBC ta haɗe shi da tashar gwamnati. A 1982 ya je Amurka karɓar digirin girmamawa daga jami'ar Boston, ya zaga kamfanonin kwamfuta, ya dawo da yaƙinin cewa Koriya ta makara.

Sanarwar Tokiyo

Ranar 8 ga watan Fabrairu 1983, daga masaukinsa a Tokiyo, Lee ya buga waya ga shugaban jaridar JoongAng Ilbo ya sanar da shi cewa Samsung zai shiga ƙera ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ake kira DRAM. Wannan ƙwaya ita ce wurin da kwamfuta ko waya ke riƙe aikin da take yi a daidai lokacin da take yinsa. Ta zamanin, wadda ake kira 64K, tana ɗaukar haruffa kusan 8,000 ne kacal, amma Amurka da Japan kaɗai ke iya yin ta.

Harkar tana da haɗari. Ƙwayar kamfani ɗaya tana aiki daidai da ta wani, don haka mai saye farashi kawai yake dubawa. Masana'antar tana cin ɗaruruwan miliyoyin daloli, dole ta kasance babu ko ƙwayar ƙura a cikinta, kuma bayan shekara uku ko huɗu sabon samfuri ya fito, tsohuwar ta zama baya. Kamfanonin Japan irin su NEC, Hitachi da Toshiba sun riga sun fara kore na Amurka daga kasuwar. Wata cibiyar bincike ta rukunin Mitsubishi ta fitar da rahoto mai jera dalilan da za su sa Samsung ya gaza, daga ciki har da ƙarancin kasuwar cikin gida da rashin fasaha. A cikin gwamnatin Koriya da cikin Samsung kansa akwai masu tsoron harkar za ta ja dukkan rukunin kamfanonin zuwa rami. Lee kuwa tsoho ne da aka riga aka yi wa tiyatar ciwon dajin ciki a 1976.

Ya bi hanya uku a lokaci guda. Ya sayi lasisin zanen ƙwayar daga Micron, wani ƙaramin kamfani na jihar Idaho ta Amurka da ke cikin matsin kuɗi, ya kuma samu wata fasahar daga Sharp na Japan. Ya buɗe cibiyar bincike a Kalifoniya, ya nemo Koriyawan da suka yi digirin digirgir a jami'o'in Amurka suke aiki a manyan kamfanonin can, ya ba su albashin da ya zarce na manyan manajojinsa. Cikin waɗanda suka amsa kira a shekarun da suka biyo baya akwai Chin Dae-je, wanda ya bar IBM a 1985, daga baya ya zama ministan sadarwa na Koriya. Sannan ya sa ƙungiyar Kalifoniya da ta gida suna tsere a kan aiki guda.

Injiniyoyin da aka tura koyo ƙasashen waje ba su samu tarba mai kyau ba. A kamfanin har yau ana ba da labarin waɗanda aka hana su taɓa injina ko ɗaukar hoto, suka riƙa auna tsawon ɗakunan aiki da takun ƙafa, da dare su haɗu a masauki su zana abin da kowa ya haddace. A watan Disamban 1983 Samsung ya sanar da cewa ya yi 64K ɗinsa, Koriya ta Kudu ta zama ƙasa ta uku a duniya da ta iya. Masana'antar Giheung, wadda irinta kan ɗauki fiye da shekara guda, an gina ta cikin wata shida ana aiki dare da rana a tsakiyar hunturu.

A ƙarshen wannan shekara ta 1983 wani matashi ɗan Amurka mai shekara 28 ya ziyarci Lee a Seul yana neman mai sayar masa da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Sunansa Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Apple.

Shekarun asara

Samsung ya shiga kasuwa a daidai lokacin da ta rushe. Kaya suka yi yawa, kamfanonin Japan suka karya farashi. Ƙwayar da ake sayarwa sama da dala 3 a 1984 ta faɗo zuwa kusan santi 30 a tsakiyar 1985, ƙasa da kuɗin da Samsung ke kashewa wajen yin ta. Intel, kamfanin da ya fara fito da DRAM kasuwa, ya bar harkar a 1985. A 1986 Texas Instruments ya kai Samsung ƙara kan haƙƙin mallakar fasaha, Samsung ya biya miliyoyin daloli. Ribar sukari, yadi, inshora da talabijin ita ce ke toshe ramin.

Manajojinsa suka nemi a dakata. Lee ya ba da umarnin a ci gaba da gini. Lissafinsa shi ne duk wanda ya daina zuba jari lokacin da kasuwa ta faɗi ba zai samu kayan sayarwa ba idan ta tashi. Yana kuma bin rikicin kasuwanci tsakanin Amurka da Japan, wanda ya kai ga yarjejeniyar 1986 da ta hana kamfanonin Japan sayar da ƙwayoyinsu ƙasa da farashi. A 1987, ciwon dajin huhu ya riga ya ci ƙarfinsa, ya matsa sai da aka aza harsashin layi na uku a Giheung, kuma ya halarci bikin da kansa a watan Agusta. Bayan wata uku ya rasu a Seul yana da shekara 77, aka binne shi a Yongin.

A 1988 aka shiga ƙarancin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a duniya, farashi ya tashi, Samsung yana da masana'antu a shirye. A shekara guda ya mayar da dukkan asarar da ya tafka tun farko. A 1992 ya riga kowa fito da ƙwayar 64M, wadda ta ninka ta farko sau dubu, ya kuma zama na ɗaya a duniya a fannin DRAM.

Gadon da ya shiga yaƙin salula

Lee Kun-hee ya hau kujerar mahaifinsa a watan Disamban 1987. Salular Samsung ta farko ta fito a 1988, shekarar da Seul ta karɓi wasannin Olimfik. Wayoyin farko ba su da inganci, har a 1995 Kun-hee ya sa aka tara kusan 150,000 a harabar masana'antar Gumi aka farfasa aka cinna musu wuta a gaban ma'aikata.

Lokacin da Steve Jobs ya fito da iPhone a 2007, ƙwayar da ke sarrafa aikin wayar daga masana'antar Samsung ta fito. Google kuwa ya riga ya sayi manhajar Android a 2005 yana ba masu ƙera waya. Samsung ya ɗauke ta, ya fitar da Galaxy S a 2010. A watan Afrilun 2011 Apple ya kai ƙara a Kalifoniya yana zargin Samsung da kwaikwayon siffar iPhone. A watan Agustan 2012 kotu ta ce Samsung ya biya sama da dala biliyan 1, aka yi ta ɗaukaka ƙara har kotun ƙolin Amurka, kuɗin ya ragu, kamfanonin biyu suka sasanta a 2018. Duk tsawon shari'ar Apple bai daina sayen kaya daga Samsung ba. Fuskar iPhone X ta 2017 ma Samsung ne ya ƙera ta.

A 2012 Samsung ya kawar da Nokia daga matsayin na ɗaya da ya riƙe shekara 14. Nokia ya sayar wa Microsoft sashen wayoyinsa a 2014, Motorola ya koma hannun Google sannan Lenovo na Sin, LG ya daina yin salula a 2021. Samsung ma ya gamu da masifa a 2016 lokacin da batiran Galaxy Note 7 suka riƙa kamawa da wuta, aka janye wayar baki ɗaya. Ya jure asarar biliyoyin daloli saboda sashen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yana kawo riba, kuma a shekarar da ta biyo baya ribar kamfanin ta kai matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba.

Hanyar Lee tana da iyakarta. Ya gina kamfanin da ya ƙware a ƙarfe da gilashi, amma manhajar da ke tafiyar da wayoyinsa ta Google ce. Ƙoƙarin Samsung na yin tasa, Bada da Tizen, bai yi tasiri a salula ba, don haka kuɗin talla da na bincike a intanet Google ne ke kwasar mafi yawansu. Apple ya mayar da aikin ƙwayoyin sarrafa wayarsa ga kamfanin TSMC na Taiwan. A Afirka, kamfanin Transsion na Sin, mai Tecno, Itel da Infinix, ya sha gaban Samsung tun 2017 da wayoyi masu araha, masu ɗaukar layi biyu da batir mai jimawa. Dabarar shiga kasuwa ta ƙasa da kayan araha, wadda Samsung ya yi wa Japanawa, ita ce yanzu ake yi masa.

Wani ɓangaren gadon kuma Koriyawa ne suka biya kuɗinsa. Lee bai yarda da ƙungiyar ƙwadago a kamfanoninsa ba, kuma wannan manufa ta ɗore fiye da shekara 30 bayan rasuwarsa. Ma'aikatan masana'antun ƙwayoyin laturoni da suka kamu da sankarar jini da wasu cututtuka, da iyalan waɗanda suka mutu, sun yi fiye da shekara goma suna fafutuka kafin kamfanin ya nemi gafara a watan Nuwamban 2018 ya amince da biyan diyya. Cuɗanya da masu mulki ma ta bi zuriyar. An samu Kun-hee da laifi sau biyu, a 1996 kan cin hanci da 2008 kan haraji, sau biyu kuma aka yi masa afuwa. A 2012 Maeng-hee ya kai ƙanensa kotu kan dukiyar gado, bai yi nasara ba. Jikan Lee, Jae-yong, ya shiga kurkuku a 2017 kan ba da cin hanci a badaƙalar da ta kifar da Shugaba Park Geun-hye, ƴar janar ɗin da kakansa ya daidaita da shi a 1961.

A watan Mayun 2020 Jae-yong ya fito ya nemi gafarar jama'a, ya sanar da kawo ƙarshen hana ƙungiyar ƙwadago, ya kuma ce ba zai miƙa wa ƴaƴansa ragamar kamfanin ba. An yi masa afuwa a 2022, ya zama shugaban Samsung Electronics a watan Oktoban wannan shekara. A 2024 ma'aikatan kamfanin suka shiga yajin aiki karo na farko tun da Lee Byung-chul ya kafa shi a 1969.